MOTOCIN KASHE GOBARA: MAI FAMFO DA MAI TSANI

Wuta abokiyar zamanmu ce. Da ita mu ke dafa tuwo, da ita maƙeri ya ke narka ƙarfe, da ita mu ke jin ɗumi da hunturu. Amma in ta kuɓuce daga murhu ta kama jinka, sai sunanta ya sake, ta zama gobara. Gobara kuwa ba ta san mai gida ba, balle baƙo. Cikin sa'a guda ta kan cinye abin da mutum ya shekara goma yana tarawa.

Saboda haka ne hukuma ta ke ajiye ma'aikatan kashe gobara, waɗanda mu ke kira 'yan kwana-kwana. Yawancinmu mun taɓa ganin jar motarsu tana wucewa da jiniya, amma kaɗan ne cikinmu suka san abin da ke cikinta. Rashin sanin nan ya kan jawo gunaguni. Sau da yawa mu kan ji an ce, "Ai sun zo ba ruwa." A waɗansu wurare ma har a kan jefe su da duwatsu. A darasin nan za mu duba motocin nan, mu ga aikin ko wace, mu ga kuma inda ƙarfinta ya tsaya. Wanda ya san iyakar ƙarfin mota, shi ne zai san taimakon da ta ke bukata daga gare shi.

ABIN DA WUTA TA KE BUKATA

Ku dubi murhu. Duwatsu uku ne su ke riƙe tukunya, in an zare ɗaya sai ta kife. Haka wuta ta ke. Tana bukatar abin da za ta ci, kamar itace ko ciyawa ko mai. Tana bukatar iska. Tana bukatar zafi. In an raba ta da ɗaya daga cikin ukun nan, sai ta mutu.

In mun rufe wuta da ƙasa, mun hana ta iska ke nan. In mun janye kara daga gefenta, mun hana ta abinci. Ruwa kuwa zafin ya ke sha. Lita ɗaya ta ruwa, in ta tafasa ta ƙone, tana zama tururi wajen lita 1,700, tururin nan kuma yana tafiya da zafi mai yawa. Shi ya sa ruwa ya zama babban makamin 'yan kwana-kwana.

YADDA AKA FARA

A da, ko a manyan biranen Turai, guga ne abin kashe gobara. Mutane su kan jeru daga bakin ruwa zuwa bakin wuta, suna miƙa wa juna guga. A watan Satumba na 1666 wuta ta tashi a gidan wani mai gasa burodi a Landan, babban birnin Ingila. Ta kwana huɗu tana ci. Ta cinye gidaje fiye da 13,000. Daga nan mutane suka gane guga ba zai ishi birni ba.

Wajen 1672 wani mutumin Amstadam a ƙasar Holan, sunansa Jan van der Heyden, tare da ɗan'uwansa, suka ɗinka doguwar mesa da fata. Da ita aka sami ikon kai ruwa har cikin gidan da ke ci. A 1721 wani Bature a Landan, Richard Newsham, ya fito da famfo mai ƙafafu wanda mutane su ke bugawa da hannu. Famfon nan ya yi suna, har birnin Niyu Yok na Amurka ya sayi biyu a 1731. A 1829 aka ƙera famfo mai aiki da tururi a Landan. Daga baya dawaki suka riƙa jan irin waɗannan famfuna, har mota ta zo ta karɓe su. A Niyu Yok dawakin kwana-kwana sun yi fitarsu ta ƙarshe a 1922.

Da gidaje suka yi ta ƙara tsawo, sai wata matsala ta taso. Tsanin da mutum zai ɗauka a kafaɗa ba ya kai hawa na biyar. A 1868 Daniel Hayes, ma'aikacin kwana-kwana a San Faransisko ta Amurka, ya ƙera dogon tsani a kan keken doki, ana murɗa shi ya miƙe. A 1872 Conrad Magirus na garin Ulm a Jamus ya yi tsanin da ke tsayawa da kansa ba tare da ya jingina da bango ba. Har yau ana ƙera motocin tsani da sunan Magirus.

A ƙasarmu aikin ya fara a Ikko, watau Legas, a 1901, a hannun 'yan sanda. A 1963 aka yi dokar da ta kafa hukumar kashe gobara ta tarayya. Yanzu jihohi ma suna da nasu hukumomi da motoci.

MOTA MAI FAMFO

Ita ce uwar motocin kwana-kwana, ita ce kuma ta ke fara fita in an yi kira. Tana ɗauke da tankin ruwa, da famfo, da mesa, da ma'aikata. A jikinta akwai akwatuna. Ciki za ku ga gatari, da almakashin yanka ƙarfe, da igiya, da gajeren tsani, da tulun iska wanda ma'aikaci ya ke goyawa don ya yi numfashi cikin hayaƙi.

Famfon nan ba shi da injin kansa a yawancin motoci. In direba ya iso ya tsaya, sai ya juya ƙarfin injin motar daga ƙafafu zuwa famfo. Cikin famfon akwai wani ƙarfe mai fikafikai kamar fanka. Yana juyawa da sauri ƙwarai, yana wurga ruwa waje da ƙarfi. Ƙarfin nan ne ya ke tura ruwa cikin mesa har ya kai kan soro. In an sake shi sosai, mutum ɗaya ba ya iya riƙe babbar mesa, sai biyu ko uku. Mesar da ta kuɓuce tana iya karya ƙafar mutum. Don haka kada yaro ya matso kusa, kada kuma kowa ya ce zai karɓa ya taya su.

Ruwa yana da nauyi. Lita ɗaya kilo ɗaya ce. In mota tana ɗauke da lita 4,000, to, ruwan kaɗai ya kai nauyin buhun siminti 80. Mota mai irin wannan kaya ba ta tsayawa nan take in an taka birki, in kuma ta sha kwana da gudu tana iya kifewa. Masu ƙera ta su kan sa shinge cikin tankin don kada ruwan ya yi ta tangaɗi. Duk da haka tilas direba ya yi hankali. Wannan ne dalilin da ba a cika yi wa mota mai famfo tanki ƙato ƙwarai. In ta faye nauyi, ba za ta yi sauri ba, ba za ta shiga ƙananan hanyoyi ba.

MU YI LISSAFI

Yanzu ku ɗauko alli ko fensir. A ce tankin motar yana cin lita 4,000. Jarkar mai ruwa tana cin lita 25. Jarka nawa ke nan? In mun raba 4,000 da 25, za mu sami 160. A ido, jarka 160 ruwa ne mai yawa, zai ishi gida kwana da kwanaki.

To, a ce mesa ɗaya tana fid da lita 500 cikin minti ɗaya, watau jarka 20. Mu raba 4,000 da 500. Amsa 8. Cikin minti 8 tanki ya ƙare. In wutar ta yi girma aka buɗe mesa biyu, minti 4 ke nan. In aka buɗe babban bututun da ke kan motar, mai fid da lita 2,000 a minti, to, minti 2 kurum.

Kun ga asirin maganar nan ta "sun zo ba ruwa". Sau da yawa sun zo da shi, wuta ce ta shanye kafin wanda ya zo kallo ya iso. Ruwan da ke cikin tanki na fara yaƙi ne, domin a tare wutar ko a fid da wanda ta ritsa da shi. Ci gaba da yaƙin kuwa sai an sami wani ruwa a kusa.

Haka abin ya ke har a ƙasashen da suka fi mu kayan aiki. A ƙa'idar da a ke bi a Amurka, mafi ƙanƙantar famfon irin wannan mota shi ne mai fid da galan 750 a minti, mafi ƙanƙantar tanki kuwa mai cin galan 300. In an buɗe famfon duka, tankin ba zai kai rabin minti ba. Abin da ya cece su shi ne, a biranensu an binne manyan bututun ruwa, an kuma kafa kan famfo na musamman a gefen titi, nan da can. Mota tana isowa sai a ɗaura mata mesa a jikinsa, ta yi ta sha tana fesawa.

A yawancin garuruwanmu irin wannan kan famfo kaɗan ne, wani ma ba ruwa cikinsa. Shi ya sa tasha ta ke bukatar tankar ruwa, mai cin lita 10,000 ko fiye. Mai famfo tana tsaye a bakin wuta, tanka tana kai da kawowa tana shayar da ita.

INDA MOTA TA KE IYA SHAN RUWA

Mai famfo tana iya zuƙo ruwa daga kogi, ko tafki, ko kududdufi, ko dam. Tana da wata mesa mai tauri wadda ba ta lotsawa, da rariya a bakinta don kada ta haɗiye ganye da tsakuwa. Amma akwai iyaka. Famfon da ke bisa ƙasa ba ya iya zuƙo ruwan da zurfinsa ya wuce mita 7 ko 8, watau wajen gaba huɗu ko biyar. Ba laifin injin ba ne. Nauyin iskar duniya ne ya ke tura ruwa cikin mesa, ƙarfinsa kuwa bai wuce ya ɗaga ruwa mita 10 ba, ko da kayan aikin ba su da aibi ko kaɗan.

Saboda haka rijiya mai gaba goma ba ta da amfani ga motar nan, ko da ta cika da albarka. Kududdufin bayan gari ya fi ta, muddin akwai hanyar da mota za ta bi ta tsaya dab da bakinsa ba ta kafe ba. Ya kamata mai unguwa da dattawa su san irin wannan wuri tun kafin ranar bukata.

Akwai kuma wutar da ruwa ba ya kashewa. Fetur da kananzir da man gyaɗa sun fi ruwa sauƙi, suna tasowa kansa. In an watsa musu ruwa sai su bi shi, wutar ta bazu. Don irin wannan 'yan kwana-kwana su kan gauraya wani magani da ruwa ya zama kumfa, kumfar ta lulluɓe man ta hana shi iska. Uwargida, in mai ya kama cikin kasko, ki rufe shi da murfi, kada ki zuba ruwa. Wutar lantarki kuwa tana bin ruwa ta kama mai watsawa, sai an kashe ta daga tushe tukuna.

MOTA MAI TSANI

Wannan ba kowa ya taɓa ganinta ba, gama a manyan birane a ke ajiye ta. Tsaninta na ƙarfe ne, gaɓa-gaɓa, ko wace gaɓa tana shiga cikin 'yar'uwarta. Gindinsa yana kan wani faifai mai juyawa, saboda haka yana iya fuskantar gabas ko yamma ba tare da motar ta motsa ba. Da yawa suna da kwando a ƙarshensu wanda mutum biyu ko uku za su tsaya ciki.

Wanda aka fi yi shi ne mai tsawon mita 30, watau ƙafa 100. Hawa ɗaya na bene wajen mita 3 ne. Sai mutum ya ce, ashe zai kai hawa na goma. Amma tsani ba ya tsayawa sak kamar giginya, tilas ya karkata wajen ginin. A ƙa'idar Jamus, in motar ta tsaya mita 12 daga bango, kwandon ya kan kai tsawon mita 23, watau hawa na bakwai ko na takwas. Akwai tsanin da ya kai mita 68, amma irinsa kaɗan ne a duniya.

Aikinta na fari shi ne ceton rai. In wuta ta tare matakala, mutanen da ke sama ba su da hanya sai taga, to, nan tsani zai same su. Aiki na biyu, a hau sama a fasa rufi ko taga domin hayaƙi da zafi su fita. Ku sani, a gobarar cikin gida hayaƙi ya fi harshen wuta kashe mutane. Aiki na uku, a feso ruwa daga sama, inda a ke ganin tsakiyar wutar.

Amma yawancin motocin tsani ba su ɗauke da ruwa. Nauyin tsanin ya ishe su. Sai mai famfo ta tsaya kusa ta tura musu. Kun ga ke nan, hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. A Niyu Yok, inda benaye suka yi yawa, akwai ƙungiyoyin mota mai famfo kusan 200, da na mota mai tsani wajen 140, kuma tare a ke tura su gobara. A Amurka akwai wata mota da ta haɗa famfo da tanki da dogon tsani, ƙananan garuruwa su kan saye ta don ta yi musu aikin biyu.

Kafin a ɗaga tsani, sai motar ta fid da ƙafafun ƙarfe daga gefenta ta kafa su a ƙasa, in ba haka ba za ta faɗi. In ta baza su tana cin fili wajen mita 5 ko fiye. Tana bukatar ƙasa mai tauri, da sarari a sama inda ba wayar lantarki. Nauyinta ya kan kai tan 15, wata ma ninkin haka. Ga tsada, ga wuyar gyara. Don haka garin da ba shi da dogayen benaye, in kuɗinsa kaɗan ne, gara ya fara da mai famfo da tanka, ya kuma tanadi mai da taya da makaniki. Motar da ke kan dutse a tasha ba ta kashe ko wutar ashana.

Mu da ke ƙauye gajeren tsani ya ishe mu, amma shi ma da ƙa'idarsa. In tsawon da za a hau kamu huɗu ne, a ja gindin tsanin kamu ɗaya daga bango, wani kuma ya riƙe shi.

HANYA

Mota ko ta fi kowace kyau, in ba ta iso ba, ba ta yi kome ba. A watan Maris na 2016 gobara ta tashi da dare a kasuwar Sabon Gari ta Kano, ta cinye dubban shaguna da rumfuna. Ku tuna yadda manyan kasuwanninmu su ke. Rumfa tana manne da rumfa, kaya sun cika layi, teburi ya tare mashiga. Faɗin motar kwana-kwana wajen mita biyu da rabi ne. In layi bai kai haka ba, tilas ta tsaya nesa a yi ta haɗa mesa, kuma ruwa yana rage ƙarfi gwargwadon tsawon mesar. Wanda ya ƙara rumfarsa taku biyu cikin hanya, ya yi wa kansa da maƙwabtansa shinge ranar gobara.

Mu sake lissafi. A ce ƙauyenmu yana da nisan kilomita 30 daga tasha, motar kuma tana gudun kilomita 60 a sa'a. Rabin sa'a za ta yi a hanya. Ɗakin ciyawa kuwa, da iskar hunturu, ba ya kai wannan lokaci. Ashe minti talatin na fari a hannunmu su ke. Duk da haka a kira su, gama ko ba su ceci ɗakin fari ba, za su iya ceton unguwa da rumbuna.

ABIN DA YA KAMATA MU YI

1. Mu fid da mutane tukuna, yara da tsofaffi da marasa lafiya. A ƙidaya su. Kada wanda ya fito ya koma ɗaukar kaya. In akwai hayaƙi a sunkuya ƙasa-ƙasa, nan iska ta fi kyau.

2. Mu yi kira tun wutar tana ƙarama. A Nijeriya lambar neman agaji ita ce 112, kyauta ce. A Jamhuriyar Nijar lambar 'yan kwana-kwana 18 ce. Mu nemi kuma lambar tashar da ta fi kusa da mu.

3. Mai kira ya faɗi sunan gari, da unguwa, da wata alama sananniya kamar masallaci ko makaranta. Ya faɗi abin da ke ci, ko akwai fetur ko tukunyar gas, ko kuma akwai wanda ke ciki.

4. A tsai da mutum a bakin titi don ya nuna hanya. A kau da amalanke da babura da dabbobi.

5. Kafin su iso, a kashe lantarki. A yi amfani da ƙasa da bokiti. A ture danga da zana da ke tsakanin gidan da ke ci da na kusa, don wutar ta rasa abin kamawa.

6. In sun iso, a nuna musu ruwan da ya fi kusa. A ja baya a ba su fili. Kada a taka mesa da mota ko babur. In tanka ta juya ta tafi, ɗebo ruwa za ta yi.

Hausawa sun ce, in ka ga gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa. Tun kafin hunturu ya kama, mu share ciyawa kewaye da rumbu, mu nisanta tarin kara da ɗakin girki, mu daina ajiye fetur inda a ke kwana. Ku da kuka iya karatu da rubutu yanzu, ga aikin da za ku yi wa garinku. Ko wane ɗalibi ya rubuta lambar kira da manyan baƙaƙe a bangon zaurensa, inda kowa zai gani. Allah ya kiyashe mu da gobara, amin.

TAMBAYOYI

1. Waɗanne abubuwa uku ne wuta ta ke bukata?

2. Tanki yana cin lita 6,000. Mesa biyu suna aiki, ko wace tana fid da lita 500 a minti. Minti nawa ruwan zai yi?

3. Me ya sa motar kwana-kwana ba ta iya shan ruwan rijiya mai zurfi?

4. Me ya sa mota mai tsani ta ke bukatar mota mai famfo?

5. Ina ne ruwan da ya fi kusa da unguwarku wanda mota za ta iya zuwa bakinsa? Rubuta kwatancen hanyar cikin layi uku.